Ranar da Muka Leƙa Kunnen Papu

Ku matso kusa, masu karatu, amma ku zagayo ta damana, dalilin yana nan gaba kaɗan. Makon jiya kun cika min waya da tambaya ɗaya: Antula, ina aka kwana a zancen zobe? To zancen zobe ya bi ta maƙabarta, kuma ba ni na kai shi can ba.

Ga wanda yau ya fara bina, shekarata talatin da ɗaya, ina koyon aikin likitan kunne a wani asibiti a birnin Larisa, kuma a wurin Mama duk karatun nan bai kai darajar zobe ɗaya a yatsa ba. Ita ta samo min Minas, mai kantin magani a garin da ke ƙasan ƙauyenmu. Na je haɗuwar farko da niyyar in ƙi shi don kawai in ƙuntata mata, sai abin haushi ya faru, mutumin ya kwanta min a rai. Wata takwas ke nan. Ba shi da surutu, yana da ɗan sanƙo daidai misali, kuma duk inda muke tafiya sai ya zagayo ya tsaya a damana. Ni na ɗauka wani ɗan tabo da ke kumatunsa yake ɓoye min, har tausayinsa nake ji.

Matsalar ita ce mahaifiyarsa, Kiriya Aspasiya, Kiriya kuwa a wurinmu kamar a ce uwargida ne. Doguwa ce, kullum da baƙar jaka a hammata, maganarta ƙasa-ƙasa kamar tana tsoron kada kalmomin su ƙare mata. Idan kana magana sai ta ƙura wa bakinka ido har ka fara tunanin ko alayyahu ya maƙale maka a haƙori. Ka gaishe ta a hanya, wata rana ta amsa, wata rana ta wuce ka kamar turken fitila. 'Yan mata biyu ta kora kafin ni, ta farko don kawunta harara-garke ne, ta biyu don ciwon sukari ya yi wa danginta yawa. Tambayarta ɗaya ce a duniya: ana gadonsa?

Asabar ɗin da ta wuce Papu Anestis, kakana na wajen uwa, ya cika shekara biyar a ƙasa. A al'adarmu ranar tono ke nan, a fito da ƙasusuwansa a wanke da ruwan inabi, a jera a akwati, a kai ɗakin da ke bayan coci inda iyayensa suke. Kiriya Aspasiya ta aiko cewa za ta zo taya mu addu'a. Ko kyanwar gidanmu ta san ba addu'a ce za ta kawo ta ba, dangi za ta zo dubawa, har da waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa.

Na iso gida da hantsi na tarar kicin ya kacame. Mama tana yayyafa sukari da 'ya'yan rumman a kan dafaffiyar alkamar sadaka, miyar kifi tana tafasa, an goge min wata baƙar riga mai dogon hannu da ban taɓa gani ba, an rataye ta a ƙofa. Kaka Garifaliya tana zaune a kujerarta ta bakin ƙofa, cikin baƙin kayan da ta shekara biyar ba ta canza launinsu ba, da farin ƙyallen da ta yi wa aikin allura a cinyarta. Shekararta tamanin da biyu, kuma har yau babu wanda ya taɓa cin ta a gardama.

"Kin zo da tocilar?" ta ce, ko sannu da zuwa babu.

"Na zo da ita, Kaka. Amma wai da gaske kike?"

"A'a, wasa nake, shi ya sa na kira ki sau uku. Ke 'yar nan, shekara hamsin rabin ƙauyen nan suna ce masa kurma. Wane irin kurma ne zai ji an buɗe kwalba daga cikin gonar inabi? Amma ki ce masa indararo ya tsage, sai ya zuba miki ido kamar tunkiya. Yau zan san gaskiya. Ba don ki yi ta leƙa kunnen baƙi kaɗai aka tura ki karatu ba."

Daga nan ta ɗauko tsohon karatu, wanda duk jikokinta muka haddace. Wai tun ranar da aka kawo ta gidan nan amarya, Papu ya tashe ta daga kujerar da ta zaɓa, ya mayar da ita ta bakin ƙofa inda iska ke shigowa, ya ba uwarsa ta kusa da murhu. Uwar ta mutu ma bai bar ta ta koma can ba. Ciwon kafaɗarta, a cewarta, daga nan ya samo asali, kuma da sunansa take kiran ciwon.

Mama ta ja hannuna zuwa ɗakin ajiya, ta turo ƙofa, muka tsaya tsakanin tulun man zaitun da buhun albasa.

"Duk abin da kika gani a kunnen nan, ki ce lafiyarsa ƙalau."

"Mama, mahaifinki ne fa. So kike in tsaya a kan kabarinsa in ce maƙaryaci ne?"

"Mahaifina ne, kuma ya mutu, ba aure yake nema ba. Aspasiya ba ta tambayar ƙarya, ciwo take tambaya. Ki bari ta ji kalmar kurumta a gidan nan, ki ga yadda za ta saɓa jakarta. Shekararki talatin da ɗaya, Antula. Kuma ki sa jan-baki, kin yi kama da wadda za a tono."

Akwai abin da Mama ba ta sani ba a lokacin, kuma yanzu za ku ji shi. Sai dai ku bari in fara kai ku inda nake yini. Ku taɓa bayan kunnenku, za ku ji wani tudun ƙashi. Daga wajen nan, can ciki, wani ƙashi mai kauri ya nufi tsakiyar kai. A littattafanmu sunansa dutse, kuma ya ci sunansa, babu ƙashin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. A cikinsa aka sassaƙa gidan ji: wata 'yar katantanwa mai murɗi biyu da rabi da ba ta fi ƙwayar wake ba, da wasu lanƙwasassun hanyoyi uku masu hana mutum tangaɗi. Gidan yana da 'yar taga, a bakin tagar kuma akwai wani ɗan ƙashi mai siffar likkafar sirdi, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sauti ya bugi dodon kunne, dodon ya tura wani ƙashi da muke kira guduma, guduma ta tura maƙera, maƙera ta tura likkafa, likkafa ta ƙwanƙwasa tagar, sai ka ji an ce abinci ya nuna.

Sauran ƙasusuwan jiki suna ta rushewa suna sabuntawa har mutum ya tsufa, wannan dutsen kuwa kusan yadda aka haife ka da shi haka za ka kai shi kabari. Amma a wasu gidaje yakan yi tsiro a bakin tagar, ya kama likkafar ya daskarar da ita kamar an zuba mata siminti. Ya fi kama mata, kuma ana gadonsa. Akwai aikin da ake yi, a cire likkafar a sa ta ƙarfe, sai dai jijiyar da ke motsa fuska dab da saman tagar take wucewa. Hannu ya goce kaɗan, mutum ya farka da baki a karkace. A ɗakin ƙasa na asibiti nake koyon aikin, a kan ƙasusuwan bayin Allah da suka bar mana jikinsu sadaka.

To shekara biyu ke nan kunnena na hagu yana janyewa. Na gwada kaina a ɓoye da ƙarfen nan mai baki biyu da muke kaɗawa. A bakin kunne shiru, na ɗora shi a kan ƙashin baya ya yi ta kuka. Ko cikin barci aka tashe ni na san ma'anar wannan. Ban gaya wa kowa ba, har Minas, kuma kunyar ɓoye masa ta fi ciwon damuna. Ina son mutumin nan, masu karatu, so na gaske, kuma tsoro nake kada ya dube ni irin duban da mahaifiyarsa take yi wa mutane.

Bayan azahar muka hau maƙabarta. Mata sun kewaye kabarin da kyandirori, Fada, limamin cocinmu, yana karatu, mai tono yana ta aikinsa, da ya yi zurfi sai ya ajiye shebur ya koma tono da hannu. Kiriya Aspasiya ta samu wuri mafi kyan kallo ta kafe, Minas yana bayanta riƙe da kyandir kamar wanda aka ba ajiya. Ƙoƙon kan aka fara miƙowa. Kaka ta shimfiɗa farin ƙyallenta ta karɓe shi, matan suka leƙo, aka ga ƙashin ya fito tas, launin kakin zuma, sai aka shiga cewa Allah ya yafe masa, ƙasa ta karɓe shi da kyau. Kaka ta sumbaci goshinsa.

"Sannu da zuwa, Anestis," ta ce. "Ka rame."

A ƙa'ida daga hannunta zai bi hannun dangi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sumbata ya miƙa. Sai kawai ta tsallake Mama da gwaggonnina biyu, ta zaunar da ni a gefen kabarin maƙwabci, ta ɗora min shi a cinya.

Fada ya yi gyaran murya. "Kiriya Garifaliya, wannan fa ba ya cikin littafi."

"Fada, abin da na sha a hannunsa ma ba ya cikin littafi. Riƙe mata kwalbar."

Ya kuwa riƙe. Ramin kunnen ya cika da ƙasa, don haka na zaro sirinji marar allura, na zuƙi ruwan inabin da aka kawo don wanka, na fara da na dama. Wata tsohuwa daga baya ta ce duk shan da Anestis ya yi a duniya bai taɓa sha ta nan ba, aka yi dariya ƙasa-ƙasa ana toshe baki. Na karkata kan a hankali a kan ƙyallen. Laka ta fito, a cikinta ga guduma, ga maƙera, sai ga 'yar likkafa ta biyo su, cikakkiya, da ƙafafunta biyu. Na haska tocila na ga tagar a buɗe, gefenta sumul. Gabana ya ɗan kwanta, Mama ta saki ajiyar zuciya da aka ji har bakin ƙofa.

Na juya shi zuwa hagu. Guduma ta fito, maƙera ta fito. Na ƙara ruwa, na girgiza, na sake ƙarawa, babu na uku. Da na haska sai na ga likkafar can ciki, zaune a tagarta, ƙashi ya taso ya rungume gindinta ko'ina. Shekara biyar a ƙasa ba su iya ɓamɓare ta ba. Kallon kunnena nake yi a cikin kan kakana.

Na ɗago. Mama ta zuba min ido tana girgiza kai kaɗan-kaɗan. Kiriya Aspasiya ta ƙura wa bakina ido. Kalma biyu kawai zan faɗa, lafiyarsa ƙalau, a rufe akwati a tafi shan miya, zobe ya biyo baya. Sai na dubi Kaka. Na zaci fuskar faɗa zan gani, ashe tsoro ne. Tsohuwar nan ta matse gefen ƙyalle da hannu biyu kamar mai jiran sakamakon asibiti, sai na gane ba don ta ci gardama ta ja ni nan ba. So take ta san ko mutumin da ta yi shekara hamsin tana yi wa magana ya damu ya saurare ta.

"Kaka," na ce, "kunnensa na hagu a toshe yake. Ƙashi ne ya kama shi, tun yana matashi mai yiwuwa. Ba ƙarya yake ba. Na dama kuwa, yadda na gan shi, ba abin da ya same shi."

Kaka ta karɓi kan daga hannuna. Ta riƙe shi a gabanta, ta juya shi ya kalli inda take kallo, ta dubi hagunsa, ta dubi damansa, tana motsa baki kamar mai jera kujeru a ranta.

"Murhu yana hagunsa," ta ce a hankali.

"Haka ne, Kaka."

"Wato uwarsa, shekara goma sha tara tana zaune a wurin nan tana kai masa ƙarata, ashe da bango take magana."

"Da alama."

"Ni kuma da ya jefa bakin ƙofa..."

"Kina dama. Duk abin da kika faɗa ya ji."

"Har da indararon."

"Har da indararon, Kaka."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, dariyar ta yi ta tafiya har ta koma kuka. "Ja'iri," ta ce tana goge masa goshi da ƙyallen. "Kunne ɗaya gare shi a duniya, ya ɗauka ya ba ni, ni kuma na cika shi da zancen indararo." Ta kai bakinta saitin ramin dama ta raɗa masa wani abu mai ɗan tsawo, babu wanda ya ji, babu kuma wanda ya tambaya. Sannan ta tsinci 'yar likkafar nan daga cikin laka, ta ƙulle ta a bakin ɗankwalinta. Doka ita ce kowane ƙashi ya shiga akwati, amma Fada ya ɗaga kai yana nazarin gajimare.

Ina share hawaye sai na ga inuwa a kaina. Kiriya Aspasiya ce, jaka a hammata. Ban ma ji muryarta sosai ba, a leɓenta na karanta.

"Ana gadonsa?"

Na riga na jiƙe, me ya rage. "Ana gado, Kiriya Aspasiya. Ni ma ina da shi, a hagu, shekara biyu ke nan. Ɗanki bai sani ba, laifina ne."

Mama ta dafe gicciyen kabarin wani bawan Allah da ba mu haɗa komai da shi ba. Kiriya Aspasiya ta dube ni, ta juya ta bi masu akwati. Na miƙe ina karkaɗe rigata, a raina ina cewa shi ke nan, Antula, ke ce ta uku.

A hanyar saukowa wayata ta yi motsi a aljihu. Minas ne, yana taku goma a gabana amma ya turo saƙo.

"Na sani tun watan farko."

Na tsaya cak, wata gwaggo ta yi karo da bayana. Na rubuta: "Ta yaya?"

"Me kika ɗauka ya sa nake zagayowa damanki?"

"Na ɗauka tabonka kake ɓoyewa."

"Wane tabo?" Can kuma sai ga wani: "Yanzu na duba a gilashin mota. Na gode, ban san da shi ba." Sai na ƙarshe: "A gida na koyi zagayen nan. Ki ci abinci sosai, kin yi fari."

Ban fahimci zancen gida ba, ban kuma samu sararin tambaya ba, don mun iso, an jera faranti, Mama tana zuba miya da fuskar wadda aka yi wa rasuwa sabuwa. Kaka ce ta karɓi rabon kujeru, da ƙarfinta kamar an rage mata shekara ashirin.

"Minas, ɗana, zo nan daman Antula. Ka yi haƙuri da iskar ƙofa, wurin manya ne. Kiriya Aspasiya, ke baƙuwa ce, ga wuri mai ɗumi kusa da murhu." Ta zaunar da ita a haguna, ta kashe min ido ɗaya a gaban kowa.

Aka fara ci. Can sai na ji ɗumin numfashi a gefen wuyana, na waiwaya, ashe Kiriya Aspasiya ta sunkuyo tana yi min magana, kuma daga yadda ta rufe baki na gane ta daɗe tana yi. Ko harafi ɗaya ban ji ba. Cokula sun tsaya, kowa ya zuba mana ido. Da a da ne da na gyaɗa kai na yi murmushi, haka na shekara biyu ina yi. Amma na gaji. Na miƙe, na ɗaga kujerata na juya ta gaba ɗaya, na ba tebur baya, na miƙa mata kunnen dama.

"Ki yi haƙuri, Kiriya Aspasiya, ban ji komai ba. Ga mai kyan, ki maimaita."

Ta dubi ɗanta, ta dubi Mama da ta miƙo wuya har gashinta na neman shiga miya, sannan ta kare bakinta da jaka ta matso.

"Na ce, aikin nan da kuke yi, na canza likkafa. Ana yi wa mai shekara sittin da uku?"

Na dube ta. Ta ƙura wa bakina ido tana jiran amsa, ta ɗan karkato min da gefe ɗaya na kanta, daidai yadda nake yi wa marasa lafiya idan sun yi magana ƙasa-ƙasa. Gaisuwar da ba ta amsawa, 'yan matan da ta kora, zagayen da Minas ya koya a gida, duk suka zo min lokaci ɗaya.

"Ana yi," na ce, ina buɗe baki sosai don ta karanta. "Akwai babban likitanmu, hannunsa..."

"Ba na son baƙo ya san sirrina. Ke za ki yi min. Idan na ji muryar Fada da kunnuwana biyu ranar biki, to akwai biki." Ta gyara zama ta ɗauki cokali. "Ranar Talata zan zo ki duba ni. Miyar nan ta yi gishiri."

Mama tana ta yi min alama da gira, me ta ce, me ta ce. Minas yana shan miyarsa hankali kwance. Ni kuwa jijiyar fuskar Kiriya Aspasiya kawai nake hangowa, kwance dab da tagar nan, da hannuna a kanta. Sau goma sha ɗaya na yi aikin nan, masu karatu, kuma duka a kan waɗanda suka riga suka mutu.